Saɓar Ƙarya: Wata Cutar Ido Mai Neman Suna

Bahaushe ya daɗe da raɗa wa cututtukan ido sunaye. Akwai yanar ido, da hakiya, da dundumi, da amosanin ido, sa'an nan a zamanin nan an ƙara hawan jinin ido. Amma akwai wata cuta ta tsofaffi wadda ba ta cikin wannan jeri, alhali kuwa tana makantarwa. Sunan da likitoci suka ba ta da Turanci, in an juya shi zuwa Hausa, shi ne "saɓar ƙarya". Da shi zan kira ta a wannan maƙala.

Wani likitan ƙasar Finlan, John Lindberg, shi ya fara bayyana ta a 1917. Ya lura da wani farin gari mai kama da amosanin kai a bakin ƙwayar idon tsofaffi. Da farko an zaci fatar madubin ido ce take saɓa, kamar yadda takan yi wa masu hura gilashi saboda zafin wuta. A 1954 wata likita a Amurka, Georgiana Dvorak-Theobald, ta nuna cewa garin nan taruwa yake yi a kan madubin, shi ya sa ta ce saɓar ta ƙarya ce.

To, daga ina garin yake fitowa? A nan ne mai karatu zai tuna da masaƙa. Cikin jikin ɗan Adam akwai wani zare mai talewa ya koma, kamar roba, wanda ake kira ilastin. Shi ne ke ba fata da huhu da jijiyoyin jini taushinsu. Jiki yakan fara ja wasu siraran zaruruwa na fibirilin, watau kamar yadda masaƙi ke jan zare, sa'an nan ya ɗora ilastin a kai, wani sinadari kuma ya ɗaure su tamau. A idon mai wannan cuta, ana kaɗa zaren da yawa, amma ɗaurin ba ya kamawa daidai. Sai zaren ya cukurkuɗe, ya zama tarkace. A 2007 masu bincike a ƙasashen Aisilan da Suwidin suka gano cewa cutar tana da dangantaka mai ƙarfi da ƙwayar gado mai suna LOXL1, wadda ita ce ke samar da sinadarin ɗaurin nan. Duk da haka, mutane da yawa suna ɗauke da wannan gado ba su kamu ba, domin tsufa ma yana da hannu a ciki.

Ɓarnar kuwa iri biyu ce. Ta farko, tarkacen yakan toshe magudanar ruwan ido, sai ruwan ya taru ya matse jijiyar gani, ta riƙa mutuwa sannu a hankali ba tare da ciwo ba. Ta biyu, zaruruwan da ke riƙe da madubi sukan yi rauni, har ya riƙa girgiza ko ya zame.

Na san wannan ne ta kan kakana. Da ganinsa ya dushe, kowa a gida ya ce yana ce, a bari ta nuna a cire. Da muka kai shi asibiti, likita ya ce lalle akwai yana, amma a ƙarƙashinta jijiyar idon hagu ta riga ta lalace, kuma abin da ya mutu na jijiya ba ya dawowa. Idon dama kaɗai aka ceto da maganin ɗigawa. Babu wanda ya yi sakaci a cikinmu. Sunan da muke da shi ne muka ba cutar, shi kuwa sunan ya ce mu jira.

Saboda haka nake ganin aikin nan ya shafe mu, mu ɗaliban Hausa, kamar yadda ya shafi likitoci. Cutar da ba ta da suna ba a yin zancenta a zaure, ba a kuma gargaɗi a kanta a rediyo. Ya kamata masana harshe su zauna da likitocin ido su daidaita kan kalma. Kafin nan, duk mai tsoho a gida ya kai shi a auna masa ƙarfin ruwan ido, ko da bai yi kukan komi ba.