Wayata lafiyarta ƙalau, amma an sake ta

Ku ɗan yi haƙuri da tsayin rubutun.

Talatar da ta wuce, saura kwana biyu a rufe biyan kuɗin makaranta, na buɗe manhajar bankina zan tura kuɗi, sai ta ce sai na sabunta ta tukuna. Na shiga Play Store, aka ce sabuwar ba ta dace da wayata ba. Na leƙa saitin wayar, wai ita komai nata na zamani ne. Android 8 fa! Tun ina bautar ƙasa na saye ta a Farm Centre a Kano, gilashi bai taɓa fashewa ba, batir na kai ni har magariba. Hirarrakin da na naɗa na binciken mastas ɗina duk suna cikinta.

Na hau mota zuwa Sabo a nan Ibadan wajen wani mai gyara ɗan wajenmu. Ya jujjuya ta ya ce, "Malam, wayarka lafiyarta ƙalau, masu ita ne suka sake ta, saki uku." Na yi dariya, amma wallahi raina a ɓace yake.

Daren nan na ajiye babi na uku na bi diddigin abin. Ashe idan Google ta fitar da sabon Android, ba kai tsaye yake zuwa wayarka ba. Sai kamfanin da ya ƙera ƙwaƙwalwar wayar, irin su Qualcomm, MediaTek ko Unisoc, ya daidaita shi da ƙwaƙwalwar. Daga nan kamfanin wayar ya ɗora nasa kwalliyar, ya gwada kyamara, layi, caji, kowane samfuri daban. A wasu ƙasashen ma sai kamfanin layi ya sa hannu. Kowane mataki injiniyoyi ne da albashi. Shi ya sa ko wayar da za ta samu ɗin sai ta yi watanni tana jira. Idan kuwa mai ƙwaƙwalwar ya daina kula da ita, magana ta kusa ƙarewa.

To ka duba irin wayoyin da mu ɗalibai muke iya saya. Ribar da ke kan kowacce kaɗan ce, kuma an riga an ci ta tun ranar da ka biya. Kamfanin da ke fitar da samfura barkatai duk shekara, me zai sa ya biya mutane su zauna kan ta shekara biyar da ta wuce? Ka sayi sabuwa ya fi masa. Gaskiya akwai inda wayar ce da kanta ba za ta iya ɗauka ba, sabon tsarin ya fi ƙarfin ma'ajiyarta. Amma ni ban yarda kullum shi ne dalili ba. iPhone 6s ta fito a 2015 ta kuma samu iOS 15 a 2021, don Apple shi ke yin ƙwaƙwalwar, shi ke yin manhajar. Google ta kawo Project Treble a 2017 don rage wannan dogon layi. Pixel 8 a 2023 da Galaxy S24 a 2024 an yi musu alƙawarin shekara bakwai. Kenan ana iyawa, kuɗin sayen su ne ba mu da shi.

Da farko bankin na yi ta zagi a raina, daga baya na sassauta. Duk wata Google na fitar da facin tsaro na toshe ƙofofin da ɓarayin intanet suka gano. Tawa ta yi shekaru ba ta samu ko ɗaya ba, kuma a ciki nake ajiye kuɗin da Baba ya sayar da buhunan masara ya turo min.

Kuɗin makarantar dai ta wajen mai POS na biya, da caji mai zafi, ana gobe rufewa. Hirarrakin kuma na kwashe su zuwa kwamfutar abokin ɗakina.

Yanzu ina neman ta hannu, wadda ba ta wuce ƙarfin aljihun ɗalibi ba. Wanda ke da ita ya yi min magana ta inbos. Kada ka fara min da kyamara, faɗa min shekarar da ta fito da kuma watan facin tsaronta na ƙarshe, yana nan cikin saiti wajen bayanin waya.