Ashe Mai Faransanci Ma Yana Kuka

Mu a wannan yanki na duniya mun saba ganin Faransanci a matsayin harshen masu iko, wanda aka yi mulkin mallaka da shi a Nijar da Cadi da wani sashe na Kamaru. Saboda haka idan aka ce akwai inda mai Faransanci yake kukan an danne masa harshe, sai mutum ya ɗauka zolaya ce. To, akwai, kuma a Kanada ne, ƙasar da ake kwatance da ita wajen arziki da zaman lafiya. Na daɗe ina bin labarin waɗannan mutane, domin abin da zamanin intanet yake yi musu ya ishi kowane mai kishin harshensa abin tunani.

A lardin Kwibek masu Faransanci su ne da rinjaye, amma a sauran lardunan akwai kimanin mutum miliyan ɗaya da ke zaune warwatse cikin masu Ingilishi, galibinsu a Ontariyo da Niyu Buranswik, wasu kuma a Manitoba. Sun sha wuya a kan harshensu. A 1912 gwamnatin Ontariyo ta kafa doka mai lamba 17, wadda ta hana koyar da yara da Faransanci bayan shekara biyu na farkon firamare, ba a daina aiki da ita ba sai a 1927. Manitoba ma ta soke makarantu masu harshe biyu a 1916. Sai a 1969 Kanada ta kafa dokar da ta daidaita Faransanci da Ingilishi a ayyukan gwamnatin tarayya. Yaron da aka hana wa karatu da harshen da ya tsotsa a nono kuwa yakan tashi karatunsa da rauni, raunin nan kuma yakan bi 'ya'ya da jikoki. Wani bincike na ƙasa da ƙasa da aka yi a 2012 ya nuna fiye da rabin manya masu Faransanci a Niyu Buranswik ba su kai matakin karatun da ake ganin ya wadaci mutum a harkokin zamani ba.

A kan wannan tsohon miki intanet ta zo ta zauna. Neman aiki, da hulɗa da banki, da cika takardun gwamnati, duk sun koma cikin kwamfuta da wayar hannu, sa'an nan da annobar korona ta zo a 2020 har makaranta ta koma can. Da yawa daga cikin mutanen nan mazauna karkara ne, a garuruwan masunta na bakin teku da na masu yankan katako a arewacin Ontariyo, inda layi yake da rauni ga kuma tsada. Gwamnati ba ta yi barci ba: a 2016 hukumar kula da sadarwa ta ƙasar ta ce intanet mai sauri yana cikin ayyukan sadarwa na tushe da ya kamata kowane gida ya samu, a 2020 kuma aka kafa asusu da niyyar a kai wa kowa kafin ƙarshen 2030. Amma ja wa mutum waya har ƙofar gida ba shi ne koya masa karatu ba. In ma ya iya, abin da ya fi cika masa ido a can Ingilishi ne, samari kuwa sukan bi harshen da suka tarar a kan allon wayarsu, har na gida ya zama na gaishe da kaka kawai.

Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne labarin jaridar Le Droit wadda ta samo asali a birnin Otawa. An kafa ta a 1913 musamman domin yaƙi da dokar nan mai lamba 17. Bayan shekara 110, a ƙarshen 2023, ta daina fita a takarda, ta koma intanet ɗungurungum. A watan Agusta na wannan shekarar kuma kamfanin Meta ya toshe labaran jaridu a Facebook da Instagram a duk faɗin Kanada, saboda wata doka da ta nemi ya riƙa biyan masu jaridu. Wato dattijon da ya saba buɗe jaridarsa da safe an ce masa ya nemi labari a waya, da ya je kuma ya tarar an rufe ƙofa guda ɗin da ya sani.

Ni a ganina ba a cewa an yi adalci a rabon intanet sai abu uku sun haɗu: layi ya isa, mutum ya iya karatu, ya kuma sami abin karantawa da harshensa. Masu mulki sun fi son na farko, domin shi ake iya ƙirgawa a faɗa a taro. Sauran biyun aikin malamin yaƙi da jahilci ne da marubuci da mai jarida, ga shi aiki ne mai cin shekaru.

Jama'a, wannan fa Faransanci ne, harshen da yake da ƙasashe da jami'o'i da dukiya a bayansa. Mu ma muna ganin dattawanmu suna miƙa wa jikoki waya a karanta musu saƙon banki. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah Ya ba mu ikon yi tun da sauran lokaci, amin.