Abin da Ake Gani ta Tagar Mota Tsakanin Lafiya da Keffi

Wata ranar Asabar da la'asar, muna zaune a ƙofar gida muna duba takardun ɗalibai, sai ga ɗiyar yayarmu ta yi sallama, fuskarta a murtuke. Ma'aikaciyar jinya ce a nan Lafiya, ta kuma daɗe tana neman tafiya aiki Ingila. Hukumar da ke rajistar ma'aikatan jinya a can ba ta karɓar mutum sai ya nuna ya iya Turanci, kuma ga wanda ya bi ta jarrabawar IELTS, maki 7 cikin 9 ake nema a ɓangaren magana. Ita kuwa 6 ta samu, bayan ta zuba kuɗin da ta yi watanni tana tarawa a adashi.

Muka ce ta kwantar da hankalinta, ta gaya mana abin da aka tambaye ta. Ta ce, "Kawu, ai abin haushin ke nan, tambayar ba ta da wuya. Cewa aka yi, idan ina tafiya a mota, nakan leƙa taga in kalli gari da daji? Kuma wane irin wuri ne ya fi burge ni?" Muka ce to me ta amsa? Nan take ta miƙe zaune ta kwararo mana Turanci kamar ana karanta allo: duwatsun Suwizalan, ƙanƙara fara fat a kansu, tafki mai shuɗin ruwa, da kalmar "beautiful" har sau huɗu. A wani wurin koyar da dabarun jarrabawa aka ba su wannan amsa suka haddace. Da ta dire, sai mai jarrabawar ya tambaye ta a wane wata ta je can. Nan fa ake yinta, domin yarinyar nan ko Jos ba ta taɓa wucewa ba.

Ya kamata mai karatu ya san yadda wannan jarrabawa take. Tun 1989 aka fara ta. Ɓangaren magana kuwa hira ce ta minti 11 zuwa 14 tsakaninka da mai jarrabawa, kashi uku. Da farko gajerun tambayoyi ne a kan rayuwarka, sannan a ba ka kati mai ɗauke da batu, ka yi shiri na minti ɗaya, ka yi magana ta kamar minti biyu, daga nan a zurfafa tattaunawa. Abubuwa huɗu ake aunawa: gudanar magana da haɗuwarta, yalwar kalmomi, nahawu, da furuci. Ba a auna ko ka taɓa shiga jirgin sama. Hasali ma, masu jarrabawar an horar da su su gane hadda, kuma mu da muka yi shekaru muna sauraron ɗalibai mun san ba sai an horar da mutum ba. Mai hadda idonsa na sama, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka, kuma da ka katse shi sai ya koma farko.

Sai dai ba mu ga laifin yarinyar nan ba sosai, domin ciwon ya girme ta. Mu ma a sakandare an karantar da mu waƙoƙin Wordsworth a kan furannin da ba mu taɓa gani ba, muka tashi da zaton cewa kyan ƙasa abu ne da Allah Ya ajiye a Turai, namu kuwa daji ne kawai. Ga shi kuma Bahaushe ba baƙon bayanin tafiya ba ne. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, kuma tun kafin shi, Dorugu da ya bi Barth zuwa Turai a 1855 ya ba da labarin abin da ya gani da idon ɗan ƙasar Hausa. Abin lura shi ne, matafiyinmu na dā ba don nishaɗi yake kallon hanya ba. Farke yana duban ina ruwa, ina inuwa, ina zango, ina kuma wurin da 'yan fashi kan laɓe. Shi ya sa harshenmu ya wadata da kalmomin da ke rarrabe ƙasa: fadama daban, fako daban, ga tudu, ga kwari, ga kurmi, ga ƙorama da ba ta kai gulbi ba. Wanda ya gāji irin wannan ido bai kamata a ce ya rasa abin faɗi na minti biyu ba.

Ana nan sai tafiya ta kama mu zuwa Keffi, muka ce ta shirya ta raka mu. Sharaɗi ɗaya muka kafa mata, wato ta jefa waya cikin jaka. Duk abin da ta gani ta faɗe shi da Hausa tukuna, sannan ta juya shi zuwa Turanci, gwargwadon kalmomin da take da su.

Da farko abin ya yi mata nauyi. Mun wuce Shabu tana cewa ita ba ta ga komai ba sai gonaki. Muka ce gonakin me? Ta duba ta ce doya. Yaya aka yi ta san doya ce? Ta ce ga kunya nan an tula ta jeri-jeri, ga ganyen ya nannaɗe sanda. Muka ce to ai ta yi jimla uku ke nan, ta mai da su Turanci. Da muka doshi Nasarawa Eggon, duwatsun Eggon suka taso mana ta gefen hanya, kawunansu lulluɓe da hazon hunturu, ƙasansu kuwa baƙi ƙirin inda aka ƙone ciyawa, sai ta yi shiru na ɗan lokaci. Can ta ce ta bi hanyar nan ya fi a ƙirga, amma ba ta taɓa lura cewa da marka duwatsun kore ne shar, yanzu kuwa sun koma ruwan toka ba. Ba ta sani ba, a nan ta kama abin da nahawun jarrabawa ke nema, domin kwatanta damina da rani dole ya ja mutum ya yi amfani da lokacin da ya wuce da wanda ake ciki, ya kuma kawo kalmomin kwatance, ba tare da ya haddace komai ba.

A gangaren da ke tsakanin nan da Akwanga, wanda direbobi ke ambato da tsoro saboda rayukan da ya ci, ta ba mu labarin yadda mahaifiyarta kan kama salati tun daga sama har ƙasa. Muka ce wannan ma ta sa shi cikin amsa. Mai jarrabawa ya ji duwatsu masu ƙanƙara sau ɗari, amma bai ji labarin tsohuwa mai salati a kan gangare ba, kuma duk tambayar da zai biyo da ita, amsarta na nan a bakin mai labari. A wajen Gudi muka tsallaka kogin Mada, ruwa ya ja baya, yashi ya fito, mata na wanki. Ta rasa kalmar Turanci ta ɗorawa, ta tsaya cik. Muka ce kada ta tsaya. Ta ce itace ne mai faɗin inuwa wanda ake yin daddawa da 'ya'yansa, ta ci gaba. Iya kewaya kalmar da ta ɓace wa mutum yana cikin abin da ake ba maki a kansa, ita kuwa hadda ba ta koya wa kowa wannan.

Ba za mu ɓoye ba, akwai inda muka yi ta fama. Bahaushe yakan haɗa "p" da "f" a Turanci, sai dabino ya zama gona a kunnen Bature idan ba a yi hattara ba, kuma mun sha dariya a kan haka har muka shiga Keffi. Karin harshe dai ba laifi ba ne a wannan jarrabawa muddin ana fahimtar mai magana, saboda haka muka hana ta maƙale murya irin ta 'yan fim. A Keffi muka nuna mata dutsen da ake kira da sunan Kyaftin Maloney, Baturen da Magaji Ɗan Yamusa ya kashe a 1902. Ta ce ashe dutse ma yana da tarihi.

A kan hanyar dawowa muka riƙe agogo, muka ce ga katinki, bayyana wata tafiya da kika yi. Ta fara daga tashar mota ta Lafiya. Ta yi tuntuɓe sau biyu ta gyara da kanta, ta kuma manta da kalmar nan da ta saba maimaitawa. Minti biyu suka cika ba ta ko kai Akwanga ba, muka ce lokaci ya yi. Ta ce, "Haba Kawu, ku bari mana in tsallaka Mada." Ta sake biyan kuɗin jarrabawar, wata mai kamawa za ta shiga motar asuba zuwa Abuja, ta kuma ce ta riga ta roƙi direba ya ajiye mata kujerar bakin taga.