Dogayen Benaye da Lungunan Shanghai

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in shaida wa 'yan'uwa masu karatu abin da na lura da shi a Shanghai ta ƙasar Sin, inda aikin akawu ya zaunad da ni.

Kogin Huangpu ya raba garin biyu. Hayin gabas, watau Pudong, kafin 1990 galibinsa gonaki ne da sito-sito na bakin ruwa. A shekaran nan hukuma ta yi umurni a raya shi. Can ne aka gina Shanghai Tower, aka fara a 2008 aka gama a 2015, hawa 128, tsawonsa ƙafa 2,073. An yi shi a murɗe kamar igiya don iska ta riƙa zamewa ta gefensa. Da dare in an kunna fitilu, baƙo sai ya tsaya ya saki baki.

Amma fa mai son sanin mutanen garin sai ya haye yamma, ya shiga lungunan da su ke kira lilong. Gidajen bulo ne masu hawa biyu ko uku, an fara gina su tun zamanin da Turawa ke riƙe da waɗansu unguwannin garin. Da sassafe mai abinci ya ɗora tukunya a bakin lungu, tsofaffi na motsa jiki sannu sannu, ga wanki an shanya a gora bisa kan masu wucewa. Tsohuwar da ta kwana ba lafiya ba ta rasa mai leƙa ta.

To, lungunan nan an rushe da yawansu. Gaskiya ne sun cushe, iyali da dama kan yi tarayya a madafi guda, waɗansu gidajen ma ba makewayi. Wanda aka tasa ya kan sami ɗaki mai famfo a bayan gari, ya kuwa ji daɗinsa. Sai dai maƙwabcinsa na shekara arba'in an kai shi wata unguwa dabam. A unguwar Xintiandi kuwa an bar bangon gidajen, aka fid da mazauna, aka mai da wurin kantuna da gidajen abinci.

Bene dai shekara bakwai ta isa a gama shi, maƙwabtaka kuwa sai an tsufa tare. Ni a ganina, in rushewa ta zama tilas, mutanen lungu guda a sauke su wuri guda. Ko me malamai suka gani?

Ni ne naka,
Wani Akawu, Shanghai.