Kwalliyar Shafin Intanet da Abin da Kan Ɓoye a Cikinta

Masu gina shafukan intanet sun daɗe suna taƙaddama a kan ko ya dace a sakar wa mai amfani da shafi mara ya ƙawata nasa sashen yadda ya ga dama. Ana rubuta wannan kwalliya da wani ɗan harshe mai suna CSS, watau ƙa'idojin da ke faɗa wa manhajar buɗe shafi launin bango da girman haruffa da mazaunin kowane hoto. A ido dai abin bai wuce ɗan haya ya shafa wa ɗakinsa farar ƙasa ba.

Kamfanin MySpace na Amurka, wanda aka kafa a 2003, ya ba jama'a wannan dama, amma ya hana su JavaScript, harshen da ke ba kwamfuta umarni. A watan Oktoba na 2005 wani saurayi ɗan shekara 19, Samy Kamkar, ya lura cewa Internet Explorer kan zartar da umarni in an cusa shi a gurbin adireshin hoton bango. Da yake matatar kamfanin kalmar javascript take farauta, sai ya tsinka ta biyu, rabi a wannan layi, rabi a na ƙasa. Matata ba ta gane ta ba, manhaja kuwa ta haɗa ta karanta. Duk wanda ya leƙa shafinsa sai ya nemi abotarsa ba da saninsa ba, umarnin kuma ya kwafi kansa ya zauna a shafin baƙon. Cikin kimanin awa 20 abin ya shafi mutum fiye da miliyan ɗaya, ala tilas kamfanin ya rufe na ɗan lokaci. Shi kuwa Kamkar kotu ta hukunta shi a 2007.

Manhajojin yau sun toshe wannan kafa, sai dai sauran rina a kaba. Da CSS zalla mugu yana iya lulluɓe shafi da akwatin ƙarya mai kama da na shiga, ko ya tsara ƙa'idar da za ta ɗauko hoto daga kwamfutarsa idan wata ɓoyayyar lamba ta fara da harafi kaza, ta haka ya tsinci sirrin harafi bayan harafi. Wannan ta biyun ta fi ban tsoro, domin ba ta barin alamar da ido zai gani.

Saboda haka kamfanoni da yawa suka koma ba mutum zaɓin launi da hoto kawai. Masu barin a rubuta ƙa'ida kuwa, hanya mafi aminci gare su ita ce su jera abin da suka yarda da shi, su ƙi sauran, su kuma hana ɗauko hoto daga waje.