Miyakonojo, Garin Masu Haɗa Baka

A kudancin tsibirin Kyushu na ƙasar Japan, cikin wani kwari da ke gindin duwatsun Kirishima, nan garin Miyakonojo yake. Daga nan mafi yawan bakunan gora na Japan suke fitowa, kuma a 1994 gwamnati ta sanya wannan aiki cikin jerin sana'o'in gargajiya na ƙasa.

Bakansu ya haura mita 2 a tsawo, kuma falle-falle ake haɗa shi: gora a gaba, gora a baya, itacen da suke kira haze a tsakani. Da sanyi ake saran gorar, a shanya ta, a turara ta da hayaƙi. In an shafa danƙo, sai a naɗe da igiya, a yi ta cusa tsinkayen gora da guduma har lanƙwasar ta zauna.

Yau bakunan masana'anta sun fi araha, su ɗalibai ke fara saye, gwanayen da suka rage kuwa ƙalilan ne. Gora na tsirowa kowace shekara, amma hannun da ya san inda tsinke zai shiga sai ya shekara da shekaru a gaban malami.