Kasat ɗinmu na kiɗan ƙwarya

Mu ne matan asusu na Yekuwa, irin tsarin Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maradi a 1991.

Bara da damina ɗakin ma'ajiyarmu ya yi yoyo. Garin fidda kaya muka tarar da kasat biyu na bidiyo a ƙasan akwati. Shekara ashirin da ƴan kai ke nan, ranar rabon kuɗinmu na farko, muka ɗauko mai kamara daga Magarya ya ɗauke mu muna kiɗan ƙwarya da gaɗa. Zabiyarmu ta lokacin ta rasu, Allah ya jiƙanta, kuma babu wadda ta riƙe waƙoƙinta duka a cikinmu.

Kasat ɗaya ya yi fumfuna fari fat, ɗayan da sauƙi. To ina na'urar kallo? Tun 2016 aka daina ƙera ta. Ɗan wata daga cikinmu, ɗalibi a Damagaram, ya samo mai gyaran rediyo da ke da tsohuwa guda mai aiki. Yana haɗa ta da kwamfuta, kasat na juyawa hoton na shiga. Jika biyar ya ce.

Nan fa aka yi ta. Wasu suka ce kuɗin taimako na ciwo ne da haihuwa, ba na rawa ba. Gaskiyarsu, don haka muka yi karo-karo daban. Amma maganar da ta fi nauyi daga wata uwarmu ta fito: "Ni yanzu ina da surukai. In aka sa ni a WhatsApp ina juyi ba mayafi, wa zai maido?" Wallahi ɗaki ya yi tsit, don kusan kowa da hotonta a ciki.

Muka yanke haka: a zuba a katin memori biyu, mai gyara ya goge nasa a gaban yaron. Ɗaya ya shiga akwatin asusu mai kwaɗo uku, ɗaya a gidan shugaba, saboda gobara ko ruwa. Ba a tura wa kowa a waya. Katin ma yakan mutu ba sallama, shi ya sa duk ranar rabo za mu duba shi, in ya fara gardama a sake zubawa a sabo.

Mai fumfunar bai fita ba, zaren ya tsinke. A cikinsa ne waƙar daka take.

Ɗayan mun kalle shi mu kaɗai da ƴaƴanmu mata, ƙofa a rufe. Da muryar zabiya ta tashi, wasu kuka, wasu dariyar ƙugunsu na da. Uwar nan tamu mai surukai ita ta fara cewa a maido baya. Yanzu ƴan mata uku na zuwa bayan taron Alhamis, muna faɗa suna rubuta baitocin a kaye, har da abin da muke iya tunawa na waƙar daka.